Kwale-kwalen Robar Doña Casilda

"Da ƙarfi mana, Noemí. Ko ba ki karya ba ne?"

Ƙafata na kan famfon hura iska, ina takawa ina haki, Doña Casilda kuma tana zaune gindin bishiyar lemo, lulluɓe da bargo duk da ranar da ake ƙwallawa. Gefe ɗaya na kwale-kwalen ya cika ya miƙe a kan ciyawa, ɗayan yana kwance kamar buhun da aka zazzage. Ta miƙo hannu ta danna robar da babban yatsa, ta ce da saura.

A haka 'yarta Griselda ta same mu. Tun asuba ta taso daga birnin Rosario, jakarta ma tana kafaɗa. Ta dubi uwar, ta dubi kwale-kwalen, sannan ta zuba mini ido kamar ni na ƙulla abin.

"Mama, mene ne wannan kuma? Likita ya ce ko bakin titi kada ki fita."

"Ai ban fita ba. Kin ga ruwa a nan?"

Babu ruwa kam. Reshen kogin Paraná da ya bi ta bayan layinmu ya janye wata da watanni. Daga mashigi sai laka mai tsattsagewa, da jiragen mutane kwance a kan haƙarƙari, ruwan yana can nesa kamar zare.

Katanga ɗaya ce tsakanina da Doña Casilda tun ina amarya. Mijinta, Don Amaro, a mayanka yake aiki, amma duk Lahadi ta kogi ce. Shi ya kamo, ita ta kankare ta soya. Bai taɓa ɗaukarta a jirginsa ba, wai kifi in ya ji muryar mace guduwa yake. Da ya rasu ƙannensa suka zo da mota suka ja jirgin, ba wanda ya tambaye ta ko tana so.

Bayan an yi shekara ta ƙwanƙwasa mini ƙofa ta ce in raka ta kanti. Na ɗauka firji za ta saya, sai ga mu a shagon kayan kamun kifi. Mai shagon, wani mai sanƙo da gashin baki, ya tambaya jikan nata shekararsa nawa. Ta ce jikan ya kusa saba'in, kuma ga shi tsaye a gabansa. Ya nuna mana wani kwale-kwale dogo mai tauri, ta kama hancinsa ta kasa ɗagawa, ta sake shi.

"Wanda zan ɗauka da kaina nake so," ta ce. "Na gaji da jiran namiji."

Sai ya sauko da masu hurawa. Na farkon ta murza shi tsakanin yatsu ta ce wannan na wasan yara ne, ƙayar tarwaɗa ɗaya ta ishe shi. Ta zaɓi mai kauri mai faɗi, wanda ake hura wa iska ta kafa uku, in ɗaya ya fashe sauran su riƙe mutum. Ta sa ya hura shi nan tsakiyar shago, ta shiga ta zauna da takalminta na zuwa coci, ta girgiza jiki hagu da dama ta ga ko zai kife. Kujera biyu gare shi. Na tambaye ta ta biyun ta wane ne, ta ce tawa. Na ce ban iya iyo ba. Ta ce ita ma, shi ya sa za mu sayi rigunan da ke hana nutsewa, kuma kada in yi mata gardama a gaban baƙo.

A keken cefanenta muka jawo jakar zuwa mashigi ranar farko. Mazan unguwa na zaune suna zagaya ƙoƙon shayin mate, har da mijina Eulogio. Muna shiga ruwa kwale-kwalen ya hau juyi a wuri ɗaya, ni na tuƙa nan ita ta tuƙa can.

"Doña, tafiya za ku yi ko rawa?" Eulogio ya kwaɗa mana kira.

"Kai dai riƙe ƙoƙonka, ɗana. Shi kaɗai na taɓa gani ka kama."

Kafin wata ya ƙare ta gane abin. Mu fita da sassafe kafin iska ta taso, don iska ba ta raga wa roba. Mu bi gefen ciyayi, mu fara haurawa sama, in mun gaji ruwa ya dawo da mu. Ƙugiyoyi a cikin gwangwani mai murfi suke zama, wuƙa a cikin bokiti. Kuma bakinta ba ya shiru. Ta yi mini tsegumin fadan coci, ta yi na matar mai burodi, ta rera waƙa da muryar nan tata mai kaushi. Ranar da ta fara kama kifin boga mai girman kirki, ta riƙe shi da hannu biyu ta ɗaga sama.

"Ka gani, Amaro? Da surutun nawa da komai."

Na juyo ina dariya, na ga hawaye ne ke bin kumatunta. Na mayar da fuskata gaba na bar ta.

Bazara ɗaya kawai ta samu. Ruwa ya fara ja da baya, ita kuma abinci ya fara ƙin zama a cikinta. Aka yi mata aiki a asibitin lardi, suka buɗe suka rufe, suka ce ta koma gida. Abin da ya kawo Griselda ke nan: ta tafi da ita Rosario, kusa da manyan likitoci. Doña Casilda ta ce ba inda za ta sai ruwa ya dawo ta sake shiga ko sau ɗaya ne. Kafin nan a hura mata abinta ta riƙa gani.

Da la'asar ɗin ranar da ta iso, Griselda ta shigo kicin ɗina ta zauna ba sallama. Ta ce ta tsani kogin nan. Ya cinye mata duk Lahadin ƙuruciyarta, tana tsaye a mashigi tana jiran uban da ba ya waiwaye, yanzu kuma ya hana ta uwarta. Ta yi kuka har ta gaji. Sai na gaya mata abin da na sani: duk fitar da muka yi, sai uwarta ta ce da Griselda ce a kujerar nan da ba ta yi tuƙi kamar mai dama kunu ba.

Ba ta koma Rosario ba. Washegari ita da Eulogio suka cicciɓi tsohuwar suka sa ta a kujerar baya, nan kan ciyawa, suka tokare ta da matasai. Ta nemi filafilin tuƙi. Da ƙyar ta ɗora shi a cinya. Ta ce wa Griselda ta cire takalmi ta shiga gaba, ta nuna mata yadda ake riƙo, ta ce da ƙugu ake tuƙi ba da hannu ba. Griselda ta yi ta sheƙar iska da filafili, tana dariya tana share hanci. Can na ji muryar tsohuwar ta yi ƙasa, tana magana da ƙeyar 'yarta, maganar da ban taɓa jin sun yi ido da ido ba. Na ja Eulogio muka koma gida.

Daga baya gado ya riƙe ta. Muka juya shi ya fuskanci taga. In sanyin safiya ya sa robar ta saki, ita ce ke fara gani, sai ta ɗaga yatsa, Griselda ta fita ta taka famfo. Rediyo na cewa an yi ruwa a Brazil, yana tafe. Kullum da safe Eulogio ya je mashigi ya duba, ya dawo ya tsaya bakin taga da hularsa a hannu.

"Ya taso?" ta tambaye shi ran wata Talata. Sai da ya sunkuya kafin ya ji ta.

Ya dube ni. Na so ya yi mata ƙarya, shi kuma bai iya ba.

"Bai taso ba, Doña."

"To, gobe," ta ce.

Da hantsi ta cika, Griselda na taje mata kai. Ina murhu ina ɗora ruwan zafi na ji shirun ya yi yawa, na leƙo na ga matajin a ƙasa.

Bayan an kai ta, kwale-kwalen ya yi kwanaki a inda yake, ba wanda ya iya taɓa shi. Ranar da Griselda za ta tafi ta kira ni. Ta durƙusa ta buɗe kafofin da kanta, muka zauna muna jin iskar na fita har ta ƙare. Muka goge shi, muka naɗe, muka cusa a jakarsa. Ta ce da shi za ta tafi. Ta ba ni mukullin gidan, Eulogio ya ɗauki jakar ya raka ta tasha.

Da yamma na shiga ba shukoki ruwa. Inda kwale-kwalen ya kwanta ciyawar ta yi fari fat, doguwa mai tsini gaba da baya. Wata kurciya ta sauko a tsakiya tana tsince-tsince. Na tsaya da bokiti a hannu, ina jira ta gama.