Baƙo a Kan Katanga

Ƙanena Dung ya iso London a 1975, lokacin da kuɗin mai suka sa kowane ƙaramin ma'aikacin gwamnati yake ganin kansa wani ne. Jiharmu ce ta turo shi koyon zanen taswira. Jarrabawarsa ta ƙarshe tana watan Janairu, kuma da yatsu ake yin ta. Da a ce da baki ake yi, da tuni ya zama farfesa.

Alawus na shigowa ya sayi keke mai giya goma, ya turo shi har cikin ɗakina a unguwar Camberwell, ya jingina min shi da kujera. Wai a hutun Kirsimeti zai hau shi daga London har Edinburgh, shi kaɗai, ba tanti, ba otal, ba mai bin sa a baya.

Na ce, "To a ina za ka riƙa kwana?"

"Haba Yaya Angelina, babu mutane ne a hanyar? Shekara ashirin Baba yana yawon wa'azi a kan keke daga Vom har Shendam. Kin taɓa jin ya yi booking ɗin masauki?"

Ni nas ce, shekara shida ina ganin abin da sanyin ƙasar nan yake yi wa mutane. Na ce ko ba komai ya ji tausayin hannun da zai zana jarrabawa da shi. Ya kwashe da dariya, wai ɗan Jos zan koya wa sanyi. Haushi ya kama ni, na jefa masa safar hannu ta ulu na shige kicin.

Ranar farko ya sauka wurin wani ɗan garinmu a Cambridge, wannan kuwa a lissafin gwanin bai saɓa wa tafiya shi kaɗai ba. Rana ta biyu ruwa ya yi masa dukan tsiya, safar ta jiƙe sharkaf. Shi kuma da ranar gida ya tsara tafiyarsa, wadda ba ta faɗuwa sai bayan shida. Ƙarfe huɗu duhu ya fara rufe shi a tsakiyar gonakin Lincolnshire.

Ya ƙwanƙwasa wani gidan gona, wata dattijuwar Baturiya ta buɗe. Ya gaishe ta tsaf, ya tambayi gida da yara da sanyi, sannan ya roƙi ruwan sha. A wurinmu matafiyin da ya nemi ruwa da faɗuwar rana ya gama magana, saura na masu gida. Buɗe baki ka nemi wurin kwana kuwa zagi ne, kamar ka ce ba su san ya kamata ba. Ta kawo masa shayi da biskit, ta yi masa fatan sauka lafiya, ta rufe ƙofarta.

Sai shashashan ya je ya zauna a kan katangar dutse, daidai inda za a hango shi ta taga, yana jiran a aiko a kira shi. Nan mai kawo madara ya tsince shi da safe, ya sandare, ko sunansa bai iya faɗa ba.

Da aka bugo min waya na hau jirgin ƙasa ina zaginsa ina kuka. A asibitin, likita ya ja ni gefe ya ce yatsu biyu na hannun dama, manuniya da ta tsakiya, ba za su tashi ba. Ban san yadda zan gaya masa ba, ashe ya riga ya sani.

Muna zaune sai ga dattijuwar da furanni, idonta jajur. Ta ce ɗakin ɗanta yana nan ba kowa, da gado da bargo. Ta ɗauka hutawa yake yi, ba ta so ta shiga harkar da ba tata ba. Furanni! Na ga ladabi iri-iri a ƙasar nan, amma ban taɓa ganin wanda ya kai wannan tsada ba.

Ta juyo gare ni tana share hanci. "Me ya sa bai tambaya ba?"

Dung bai dube ta ba. Hannunsa da aka naɗe yake kallo, ya ce da Hausa, a hankali, "Yaya, ai ta gan ni. Sau uku ta ɗaga labule."