Bidiyon Kaka Nhan

"Kaka, ɗan yi murmushi mana," in ji yarinyar da ke riƙe da kyamara.

Diep ta tsaya a bakin ƙofa da kwanon kunun shinkafa, tana kallon ikon Allah. Shekara da shekaru ɗakinta na jikin na tsohuwa Nhan a unguwar Footscray, inda suka zauna bayan sun baro Vietnam, kuma tun da ciwo ya kwantar da tsohuwar, ita ke juya ta, ita ke wanke ta. Khoa, jikan tsohuwar ɗaya tilo, rabonsa da gidan tun lokacin sanyi, watanni ke nan. Sai yau ga shi da tawagarsa ta ƙungiyar ɗaliban Vietnam na jami'a, wai za su ɗauki bidiyon da za a haska a bikin sabuwar shekara. Har sun kifa wa tsohuwa malfa, tana kwance.

"Kaka, ba mu labarin jirgin ruwan da kuka gudo a ciki," in ji Khoa, da gurgun Vietnamancinsa.

Leɓɓan tsohuwa suka motsa. "Ruwa."

"Kun ji? Teku take tunawa! Matso da kyamarar."

"Ƙishirwa take ji, sakarai," in ji Diep. Ta ture shi gefe, ta cire malfar, ta ɗiga mata ruwa da cokali.

"Haba Gwaggo, kin ɓata mana wurin."

"To sannu, mai al'ada. Ka san inda buhun shinkafar gidan nan yake?"

Suka naɗe wayoyinsu suna ƙunshe dariya. Ɗaya har ta tambaya ko za a ara musu doguwar rigar siliki ta Kaka. Diep ta nuna mata ƙofa.

Ranar Asabar, ranar bikin, numfashin tsohuwa ya canza da hantsi. Diep ta kira Khoa. Ganguna ne suka fara amsa mata.

"Ka taho yanzu. Kakarka tafiya za ta yi."

"Gwaggo, zaure ya cika maƙil, kuma ni zan sa kan zakin a rawar zaki da za mu yi. Yanzu ma za a haska bidiyonta. Ki ce mata kowa zai gan ta."

Bai ma kashe wayar ba. Diep ta ajiye ta a kan gado, ta riƙe hannun ƙawarta. Can cikin wayar wata murya tana cewa, "Kakanninmu su ne tushenmu," tafi ya ɓarke. Kafin tafin ya lafa, Nhan ta cika.

Sai da la'asar ya iso, yana haki, da wandon rawar zaki mai geza a jikinsa. Diep ta riga ta shafe mamaciyar da ruwan citta, ta sa mata tufafi, ta ajiye kwanon shinkafa da dafaffen ƙwai a wajen kanta.

"An yi kuka a zauren, Gwaggo," in ji shi. "Ta neme ni?"

Diep ta dube shi daga sama har ƙasa. Ƙarya ɗaya za ta wadatar da shi har tsufansa, ta sani sarai.

"Ba ta neme ka ba."

Ta miƙa masa sandar turaren da ake kunna wa mamaci. Ya kasa kunnawa, ashana sai mutuwa take yi a hannunsa. Ya sulale ya zauna a ƙasa, ya jingina goshinsa da ƙarfen gadon. Ƙananan ƙararrawar da aka ɗinka a wandon suna ta kaɗawa a hankali.