Rumbun da Shekara Ya Tsare

Shekara dai bai taɓa kashe kowa ba, kuma kullum sai ya faɗa wa mutanen Matameye haka, kamar an tambaye shi.

A shekarar da fara ta cinye gonaki, Nasara suka sa kowane gida ya zuba hatsi a rumbun tsimi, wai ajiya ce don ranar wahala. Aka liƙe bakin rumbun da laka, kumandansu ya danna hatiminsa a kai, ya ce kada wanda ya buɗe sai ya dawo daga Damagaram. Aka naɗa Shekara mai tsaro, aka ba shi jar hula. Tun daga ranar tafiyarsa ta sake, mutumin da jiya yake aron jaki!

Ruwan farko ya sauka ranar Laraba. Washegari ƙanwarsa Uwa ta zo da ƙwarya. Mijinta yana can aikin dole na hanyar mota, ita da 'ya'ya uku sun daka irin shukarsu sun ci tun da rani.

"Yaya, mudu biyu kawai," ta ce. "Cikin hatsin da na zuba da hannuna. In ƙasa ta bushe ban shuka ba, bana mun mutu."

"Ni na hana ki? Hatimi ne ya hana."

"Hatimi laka ce, Yaya."

"In na ba ki, gari duka zai zo. In na fasa hatimi, a ɗaure ni, a sa wani mugu. Don ku nake zaune a nan."

Kai, ji magana! Kuma wallahi ya yarda da abin da ya faɗa. Ya koma inuwa yana tausayin kansa, wai shi kaɗai ke ɗauke da nauyin gari.

Rana ta uku Uwa ta dawo. Ba ta roƙa ba, ta ja shi bayan rumbun ta nuna masa hanyar gara, ja wur, tun daga ƙasa har wuya.

"Dubi. Ita ba ta jira kumandan ba."

Shekara ya gani sarai. Ya sa takalmi ya kankare wurin, ya ce ba a ba shi tsaron gara ba, hatimi aka ba shi. Da ta tafi ya ce wa zuciyarsa ai Uwa tun tana yarinya ba ta da tanadi. Wa ya ce ta ci irinta? Abinci kuma na Allah ne, wanda aka rubuta zai ci zai ci. Ya ci tuwonsa har da ƙari.

Ƙasa ta bushe. Gonakin maƙwabta suka yi kore, ta Uwa sai ciyawa. Autarta Baiwa ta kumbura saboda cin ganye, aka binne ta bayan gari. A wurin gaisuwa Shekara ya fi kowa cewa kwana ne ya ƙare.

Sai bayan kwana arba'in kumandan ya iso a kan doki. Ya duba hatimi, ya same shi lafiya lau, ya dafa kafaɗar Shekara. Shekara ya washe baki yana neman idon mutane. Aka fasa lakar. Abin da ya zubo jar ƙasa ce da ƙaiƙayi, gara na yawo a ciki. Kumandan ya toshe hanci, ya ce a kwashe a zubar, ya hau dokinsa.

Shekara ya fara cewa, "To kun dai gani, ni ban taɓa ko ƙwaya..."

Uwa ta ratsa mutane da ƙwaryar nan tata. Ta durƙusa ta auna mudu biyu na ƙasar, ba ƙari ba ragi, ta ɗora masa a hannu.

"Ga abin da na roƙe ka, Yaya. Ka kai wa Baiwa, ka gaya mata hatimi bai karye ba."