Kaka Ta Ba Yis Sukari

A ɗakin gwaje-gwajenmu ana kirana Uwar Yis. Da tsokana aka fara, ni kuwa na karɓa hannu biyu.

Aikina a kan yis ɗin burodi ne. Wannan ƙaramar halitta tana da ƙwayoyin gado masu sa ta ƙera sinadarin narkar da sukarin tsiro, wato sukarin da ke fita daga garin alkama, mai wuyar ci. Amma tana da wayo. Muddin ta sami sukari mai sauƙi, irin na shayi, sai ta kulle waɗannan ƙwayoyin gadon, ba za ta buɗe ba sai mai sauƙin ya ƙare. Na yi wata da watanni ina rainon wani iri a kan sukarin tsiro zalla, ina zaɓen wanda ya fi ƙwazo, don masu gidan burodi su sami yis mai tayar da kwaɓi ba tare da an zuba masa sukari ba.

Shugaban sashenmu bai taɓa yarda da aikin ba. Ya ce teburina ya fi dacewa da wani binciken, kuma in yis ɗina bai nuna kansa a gaban kwamiti ba, za a zubar da shi a ba wani mai bincike wurin. Ana gobe zaman kwamitin, akwatin ɗumama kwalabe ya lalace. Na rungumo kwalbata zuwa gida, na ɗora ta a kan firij, inda ɗumin injin ke tashi.

Kakata ta leƙa ta ga ruwa-ruwa mai duhu, ta tambaye ni me 'ya'yan nawa suke ci. Na ce abin da suke ci ke nan. Ta ce ashe boko rowa yake koyarwa, ita dai ba a taɓa kwana da yunwa a gidan da take ba.

Da safe na tarar da kwalbar tana kumfa har wuya, audugar bakinta a karkace, ga cokali da gwangwanin sukari a gefe.

“Kin ga yadda suka ji daɗi?” in ji Kaka. “Ke da kin bar su sai ido.”

Ban yi kuka ba. Na san abin da ya faru a cikinsu: sun ga sauƙi, sun kulle ƙofar da na sha wahalar buɗewa. Na isa wurin aiki da wuri, na tace su, na wanke, na zuba su a sabon ruwan sukarin tsiro, na ɗaura balan-balan a bakin kwalbar don iskar da za su fitar ta hura shi.

Kwamiti ya zauna. Balan-balan ya kwanta a wuyan kwalba kamar tsumma. Na faɗa musu gaskiyar abin da ya faru, aka yi dariya, wani ya ce a kira Kaka ta kare aikin tunda ita ce ta yi gwajin ƙarshe. Shugaban ya ce yis ɗin ya mutu, ko kuma dama can bai iya komai ba.

“Bai mutu ba, ranka ya daɗe. Yana buɗe ƙofa ne. A ba shi lokaci.”

Ya ce taurin kaina ya isa, su suna da wasu ayyukan. Suka watse. Wata dattijuwar farfesa ce kaɗai ta ja kujera ta zauna, ta ce ƙafarta na ciwo, gara ta huta a nan.

Ni ban zauna ba. Azahar ta wuce, masu shara suka zo suka share ƙarƙashin ƙafata, abokan aiki suna wucewa suna yi mini sannu da jinya. Idona na kan kwalbar, ina tunanin aikin da ke gudana a cikin abin da ido ba ya gani: sun laluba sun rasa zaƙin jiya, ba su yi fushi ba, ba su mutu ba, sun koma cikin gadonsu sun ɗauko tsohon kayan aiki. Ban taɓa ganin halitta mai juriya irin wannan ba.

Wajen la'asar, ƙananan kumfa suka fara hawa ta gefen gilashi. Balan-balan ya motsa, ya ɗaga kai, ya miƙe tsaye. Farfesa ta gyara tabaranta, ta ce irin da ta sani yakan fi haka daɗewa kafin ya farfaɗo daga sukari, saurin nan shi ne abin rubutawa. Ta aika a kira shugaban. Ya zo ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a nemo mai gyaran akwatin ɗumi, tunda teburin yana da sauran aiki.

Da na koma gida, Kaka ta tambayi lafiyar 'ya'yana. Na ce sun tashi. Ta ce dama ta sani, yaro in ya ƙoshi ai dole ya yi ƙarfi. Na ɗauki gwangwanin sukarin na mayar da shi saman kabad, inda hannunta ba ya kaiwa.