Ranar da Ba-haka-ba Ya Hau Dandamali

Tun da gwiwa ta hana ni zirga-zirga, aikina zama a bakin taga. Ɗakina yana daidai saman shagon 'yar wana, don haka duk abin da ya shigo layinmu sai na gan shi, in ban gan shi ba na ji shi. Guga take yi, kowa Mai-guga yake ce mata, ni ma na bi sahu. Ita kuma Gwaggo take ce mini.

Garinmu a bakin kogi yake. Tsallaken kogin wata ƙasa ce, da gada a tsakani. Shekarun baya manyanmu da manyansu suka yi wata rigima da har yau ban gane kanta ba, aka wayi gari an gindaya ƙarfe a tsakiyar gadar, sojan nan yana hararar sojan can. Mijin Mai-guga mutumin tsallake ne, mai gyaran agogo. Duk wanda ya tambaye ta ina maigidan, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Gada ta rufe yana can." A yi mata jaje, a ƙaro mata kayan guga.

Gada dai ta rufe, wannan gaskiya ne. Amma ina tagar nan ranar da ya fita da jakarsa da akwatin kayan aikinsa, da ƙafarsa, gadar kuwa a buɗe take har motoci na wucewa. Sai da ya haye da 'yan kwanaki aka rufe. Mutumin ba mugu ba ne. Bai taɓa ɗaga mata hannu ba, ba ya shaye-shaye, ba ya yawon banza. Ciwonsa ɗaya, gyara. Ba-haka-ba muke kiransa. In ta ninke riga, ba haka ba ne. In ta rataye makulli, ba nan ba ne. In ta ce yau an yi zafi, sai ya ce jiya ta fi. Ranar da ya tafi a kan karin wando suka yi. Ta ce tun da ya fi ta iyawa, ga wandon ga dutsen gugar. Ya ce ba haka ake miƙa wa mutum dutse mai zafi ba. Shi ke nan fa.

Tun daga ranar ta murmure. Ta yi kumatu, ta sake fentin shago, ta sayi rediyo, har waƙa take bi in ba kowa. Amma a gaban mutane, gada ce ta raba su. Ba ta son a ce ta kasa zaman aure a kan karin wando, kuma tausayin da ake mata ya hana masu shisshigi zuwa sasanci.

Ana nan sai ga maganar ƙuri'a. Za a tambayi jama'a ko a shirya da mutanen tsallake, a buɗe gada, a daina neman takardar shiga, kaya su riƙa shiga da fita. Wasu suka kafa ƙungiya, 'Yan Gada, suka kama shagon da ke jikin na Mai-guga, inda a da ake sayar da magani. Kujerun roba, fanka, da taswira a bango. Shugabansu tsohon malamin makaranta ne, dogo, wanda ba ya jimla biyu bai ce 'yan'uwantaka ba. Sai Sakatariya, wata mai tabarau da waya ba ta barin hannunta. Ni ma na shiga, saboda fankar da shayin da ake rabawa, kuma in an tashi taro ba mai tambayar tsohuwa me ta gane.

Damuwarsu ita ce duk inda Shugaba ya fara bayanin harajin kwastan da cinikayya, sai mutane su fara hamma. Rannan Sakatariya ta ajiye waya ta ce, "Ranka ya daɗe, ba wanda zai zubar da hawaye a kan harajin kwastan. Mutum muke so, mai fuska, wanda rufe gadar nan ya cuta."

Mai-aski, wanda shi ma fankar ce ta kawo shi, ya nuna bango da haɓa. "Ga ta nan kuna jin ƙarar dutsenta."

Aka yi ta tafi. Ni ba a tambaye ni ba, na ci gaba da hura shayina.

Suka same ta tana yayyafa wa wata farar riga ruwa. Na bi su a baya da sandata.

"Ni ba na son hoto," in ji ta.

"Anti, ba don ke kaɗai ba ne," Sakatariya ta ce. "Mata nawa ne irinki? Ko ba kya son ya dawo?"

Mai-aski yana tsaye a ƙofa, matarsa ma ta leƙo. Mai-guga ta dube su, ta dube ni. Ni kuwa na ga wani zare a hannun rigata da ya kamata in cire.

"Wa zai ƙi?" ta ce a hankali.

Suka tambayi ko akwai wani abu nasa da ya bari. Ba komai sai wata kujerar katako da ya ƙera da kansa daidai bayansa, don ya ce duk kafintocin garin nan ba su san bayan ɗan'adam ba. A kanta take jibge kayan da ta goge. Aka kwashe kayan, aka tsayar da ita a bayan kujerar, hannunta a kan majingina. Kafin a ce haka, hoton ya cika gari, jikin motocin haya, bangon asibiti, har ƙofar gidan wanka. A ƙasa an rubuta: Kujerarsa tana jiransa.

Wata rana da la'asar ta hauro wurina, ta zauna a bakin gado ba ko sallama.

"Gwaggo, in aka buɗe gadar nan fa?"

"Sai ya dawo ya zauna a kujerarsa mana, tun da tana jiransa."

"Gwaggo!"

"Ni na rubuta? Ni da ƙyar ma na haɗa baƙin na karanta."

Ta tashi ta sauka, ina jin yadda take buga dutsen a kan teburi har ƙasan ɗakina yana amsawa.

Ashe da sauran aiki. 'Yan Gada suna da takwarori a tsallake, suna waya kullum. In na lumshe ido a ofis ɗauka suke barci nake, a nan na ji sun yi fafutuka har an ba Ba-haka-ba izinin shigowa na yini ɗaya, ranar babban gangami. Sakatariya ta ce kada kowa ya gaya wa Anti, ana son kyamara ta kama fuskarta. To ni magana ba ta kwana a cikina, ciwon ciki take sa ni. Ko shayin ban ƙarasa ba na zagaya shago na gaya wa Mai-guga.

A ranar ta ƙona rigar wani ma'aikacin banki, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Ki ce ba ki da lafiya," na ce.

"Su kawo mini shi har bakin gado da kyamara?" Ta zauna daɓas a kan kujerar, ta tuna ta wa ce, ta miƙe. "Kin san shi, Gwaggo. Ko a gaban alƙali aka faɗi abu ba daidai ba sai ya gyara. Zai tona ni a gaban gari."

"Ko kuma ya ce ya dawo ke nan."

"Wanne ya fi?"

Na ce ni dai a ajiye mini kujera a gaba.

A filin tashar mota aka yi gangamin. An kafa dandamali da rumfa, lasifika sai kuwwa take, yara suna yawo da tutocin ƙasashen biyu, rabi an riƙe su a kife. An ɗora kujerar a tsakiyar dandamali, Mai-guga a tsaye a gefenta kamar mai jiran allura. Shugaba ya karɓi makirufo ya fara ba da labarinta, labarin kuwa ya yi girma tun da ya bar shago. Wai mutumin ya je duba mahaifiyarsa ne. Wai ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, yana tafe da 'yar baƙar jakarsa, ita kuma ta ruga bakin gada ba takalmi, ƙarfen ya sauka a tsakanin hannayensu. Matar Mai-aski tana gefena tana jan majina.

Sai aka hauro da Ba-haka-ba ta baya. Filin ya ɗauki ihu. Ya yi furfura, amma rigar nan a soke cikin wando, agogo a kowane hannu kamar da. Ya tsaya ya gaishe ta da kai, ta gaishe shi da kai. Shugaba da ya ga abin ya karɓu sai ya sake maimaita wurin ruwan saman da jakar. Na ga leɓen mutumin yana motsi. Na ce a raina, to, ga ta nan. Ya miƙa hannu, Shugaba ya ba shi makirufo da murna.

"Ba haka ba ne," ya ce.

Mai-guga ta damƙe majinginar kujerar har jijiyoyin hannunta suka fito. Ya juya ya dube ta, ya ɗan jima yana dubanta.

"Ba a yi ruwa ba ranar," ya ce. "Rana aka yi. Jakar kuma ba baƙa ba ce, ruwan ƙasa ce." Ya haɗiye sauran da ƙyar. "Sannan wannan kujera, wa ya ce a ajiye ta a rana? Katakon zai tsage."

Aka fashe da dariya da tafi. Matar Mai-aski ta rushe da kuka ta ce, "Ji fa, har launin jakar bai manta ba!" Sakatariya tana ta tsalle da waya. An ce ranar ƙungiya ta samu magoya baya fiye da duk jawaban Shugaba a haɗe.

Bayan an watse aka raka su shago, aka ja musu ƙofa don su gana. Ni kuma na tuna na bar ɗankwalina a ciki.

Yana tsaye yana kallon wandunan da ta jera, yatsunsa suna motsi.

"Taɓa ka gani," in ji ta.

"Ban ce komai ba."

"Idonka ya ce." Ta ɗan sassauta. "Me ya hana ka faɗa?"

"In na faɗi naki na faɗi nawa. Ni ma a can gada nake cewa." Ya gyara zaman agogonsa na dama. "Kina so in dawo?"

"Kai kana so?"

"Ni a can komai yana inda na ajiye shi."

"Ni ma a nan komai yana inda na ga dama."

Suka sauke numfashi kusan tare. Tun da na san su ban taɓa ganin sun yarda a kan abu ɗaya ba sai ranar.

"To in an buɗe fa?" ta ce. "Me za mu ce wa mutane?"

Suka juyo suka dube ni. Na ce ni ɗankwalina na zo ɗauka.

Aka yi ƙuri'a, 'Yan Gada suka ci. Abin da Mai-guga ta dangwala ban sani ba, na tambaye ta ta ce ai shi ya sa ake sa labule.

Ranar da aka ɗage ƙarfen, gari ya koma bakin gada. Cikin waɗanda suka fara hayowa har da Ba-haka-ba, yana tura baro ba komai a ciki. Sakatariya ta bi shi da waya tana cewa ku duba, ya baro komai ya taho. Aka rako shi da kiɗa har ƙofar shago, ya shiga, aka yi tafi. Sai aka ce Shugaba zai yi jawabi tare da manyan baƙi, duk aka kwasa aka koma, layin ya rage daga ni sai tagata.

Can sai ga su sun fito da kujerar. Ta ɗora ta a baro ta ɗaure da igiya. Ya tsaya ya duba ɗaurin, ya kwance, ya sake ɗaurewa. Ta naɗe hannu ta bar shi. Da ya gama ya ce ta riƙa cire wayar dutsen daga bango in za ta rufe shago. Ta ce ta ji. Ya tura baronsa ya nufi gada, ta koma ciki ta kunna rediyo.

Washegari da safe na sauko karɓar wankina, sai ga matar Mai-aski da wandunan mijinta a hannu, tana leƙe-leƙe.

"Ina maigidan? Ko bai tashi ba? Gajiyar hanya!"

Mai-guga ta sunkuyar da kai yadda ta saba, bakinta har ya buɗe. Sai ta tsaya. Hotonta yana nan manne a bangon da ke kallon shagon, gefe ɗaya ya fara ɓallewa. Ta ɗago.

"Yana gidansa," ta ce. "Ni kuma ina nawa. Da ma can ba gada ba ce."

Matar Mai-aski ta saki baki, ta juyo wurina. "Gwaggo, kin ji?"

"Kunnen nan nawa sai a hankali," na ce.

Mai-guga ta karɓi wandunan ta shimfiɗa na farko a kan teburi, ta yayyafa ruwa. "Kari ɗaya yake so ko biyu?"