Mai Gogen Doolin a Ƙarƙashin Tebur

Tun yana yaro Cathal yake goge a ƙauyen Doolin na ƙasar Ireland, a zaune, ido rufe, shayi a gefensa. Da 'yan fim suka zo, darakta ya saurare shi, ya yamutsa fuska.

"Baba, ba haka mutanen Ireland suke yi ba. Hau tebur, ka yi tangaɗi, ka yi kukan kewar gida!"

"Kewar me? Ga gidana can."

Sai aka naɗi kiɗansa, aka miƙa gogen ga wani kyakkyawan saurayi da bai iya riƙonsa ba. Cathal kuwa aka sa masa yagaggiyar kwat, aka kwantar da shi ƙarƙashin tebur.

Ranar kallon fim ɗin matarsa Nuala ta zungure shi.

"Yaron nan ya fi ka iyawa. Wane ne wancan mashayin na ƙarƙashin tebur?"