Jarkar da Ta Matsa

Malam Abdulƙahhar ya busa usur a ƙasashe goma sha ɗaya, kuma idan ka kuskura ka zauna kusa da shi a majalisa sai ya lissafo maka su har da abin da ya ci a jirgi. Amma a Fagge ba wanda ya damu da wannan. Abu ɗaya ake tunawa: shekara ashirin da suka wuce ya soke ƙwallon da duk duniya ta ga ta shiga raga, da 'yan jarida suka tare shi ya ce bai gani ba. Tun daga ranar sunansa ya koma Ban-gani-ba. Wallahi har mai shayi haka yake kiransa, abin yana cin ransa ba kaɗan ba.

Saboda haka da aka roƙe shi ya yi alƙalancin wasan shekara tsakanin telolin Fagge da masu sayar da kayan gyaran mota na Sabon Gari, sai ya ce faɗuwa ta zo daidai da zama. A nan zai wanke sunansa, daga nan ya rataye usur.

Filin yana bayan tashar jirgin ƙasa, ba raga ba turke. Jarkoki biyu na 'yan garuwa ake ajiyewa kowane gefe, abin da ya bi ta tsakaninsu ci ne. Malam ya iso da gajeren wandonsa na da, wanda yanzu tumbi ya fi ƙarfinsa, ya tara 'yan wasa ya yi musu huɗuba.

"Yau za ku ga alƙalanci irin na Turai. Har na'urar duba bidiyo na tanada."

Na'urar kuwa wayar Madam Veronica ce mai sayar da shinkafa da miya, wadda ta yarda ta ɗauki wasan da hannu ɗaya tana zuba wa mutane abinci da ɗayan.

Aka yi ta gwabzawa ba ci. Can teloli suka samu bugun kwana. Malam, don kada a ce bai gani ba, ya je ya tsaya daf da jarkar Sabon Gari yana ja da baya yana zare ido. Goni, kyaftin ɗin teloli, ya sa kai, ƙwallo ta shafi jarka ta ciki ta wuce. Fiiit! Malam ya nuna tsakiyar fili.

Kai, ranar an ga tashin hankali! Chukwuemeka, kyaftin ɗin Sabon Gari, ya taho da gudu yana dukan ƙirji.

"Oga Alƙali, wannan gida ya ƙara faɗi! Da safe taku shida na auna, yanzu bakwai ne!"

"Jarka ƙafa gare ta?" in ji Goni. "Malam, rabu da shi, zafin kaye ne."

Malam ya ɗaga hannu, ya zana akwati a iska da yatsu biyu, ya taka da ƙasaita zuwa teburin Madam Veronica. Rana ta hana shi ganin fuskar wayar, sai Madam ta lulluɓa masa zanin da take rufe kula da shi. Ga babban alƙali tsugune cikin zani mai ƙanshin miya, mutum ɗari uku suna jira.

Da farko hoton cokali ya gani. Sai kan wani mai cin abinci. Sai ga jarka, sai ga wani mutum mai tumbi yana ja da baya, dunduniyarsa ta ture jarkar taku guda cur. Ta wannan sabon gurbin ƙwallon ta bi.

Ya sake kallo, mutumin bai canza ba. Ba wanda ya gani sai shi, Madam ma lokacin tana neman canji. Yana iya fitowa ya ce ci ya tabbata, Fagge ta ɗauke shi a kafaɗa har gida. Ya daɗe a cikin zanin nan har Madam ta leƙo ta ce, "Baba, ko barci ka yi?"

Ya fito yana gumi, ya koma tsakiyar fili.

"Ba ci ba ne. An matsar da jarka, kuma na ga wanda ya matsar."

"Waye? A kore shi!" Fili ya ɗauka gaba ɗaya.

Malam ya zaro jan kati, ya ɗaga sama, ya juyo da shi ya nuna wa kansa. Ya cire usur ya ajiye a kan jarkar, ya fice ya zauna a bencin Madam. Wani ya fashe da dariya, da ya ga shi kaɗai ne sai ya mayar da ita tari.

Aka ci gaba da wasa ba alƙali. Ba a yi minti biyu ba wani tela ya kwashe ƙafar Chukwuemeka, ya faɗi rim. Ba wanda ya yi musu, ba wanda ya ɗaga murya. Mutum ashirin da biyu suka tsaya cak, suka juyo suna kallon benci.

"Ni fa an kore ni," in ji Malam.

"Mun sani, Malam," in ji Goni. "Kai dai faɗa mana abin da ka gani."

Malam ya goge ido da gefen zanin kular Madam, ya miƙe tsaye.

"Keta ce ƙarara. Goni, yaronka ya fita."

Telan ya sunkuyar da kai, ya zo ya zauna kusa da shi a benci.